Bayan motar ƙungiya ta tafi: Me ke rage wa yaran karkarar arewacin Kano?

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Jihar Kano, inda ya faɗa da bakinsa cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Bayan wasu watanni asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce yaran Kano da suka isa shiga firamare amma ba sa zuwa sun kusa miliyan ɗaya.

A daidai wannan lokaci ne kuma kuɗin da ke zuwa daga waje ya fara ƙafewa. A farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da yawancin ayyukan hukumar USAID ta Amurka, daga baya ta rushe ta. Birtaniya, wadda ta daɗe tana zuba kuɗi a ilimin firamare a Kano, ta rage tallafin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarta zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 ta sanar da cewa zai koma 0.3 daga 2027.

Ga mai karanta labarin a birni, waɗannan alƙaluma ne kawai. Amma a ƙauyukan Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da Makoɗa da Minjibir da Ɓagwai, da irin wannan kuɗi ne aka riƙa gudanar da shirye-shiryen da ke tara 'ya'yan talakawa ana koya musu karatu da lissafi ta hanyar wasa da waƙa da zane da tatsuniya.

Abin tambaya a yanzu shi ne, idan ƙungiya ta tattara kayanta ta tafi, me take bari a hannun yaron? Kuma wane ne zai ɗora daga inda ta tsaya?

Ƙasar da babu saura

Kafin a auna aikin kowace ƙungiya, ya kamata a san yaron da take nema da yadda yininsa yake.

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin yankunan noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, ya yi nazarin yankin, ya nuna cewa kusan duk inda za a iya nomawa an noma shi, kuma ana noma shi kowace shekara ba tare da hutu ba. Babu saura, babu dajin kiwo na a-zo-a-gani. Gona tana rayuwa ne da taki da kuma yawan hannaye.

Wannan yana da alaƙa ta kai-tsaye da makaranta. Da zarar shuka ta fito, dole a ɗaure awaki da tumaki a turke don kada su yi ɓarna, kuma dabbar da ke turke sai an kai mata ciyawa. Yaro ne mai yanko ta. Shi ne mai binne iri a bayan mai saran shuka, shi ne mai kai abinci gona, shi ne mai taya roron wake da cirar gyaɗa. Yarinya kuma tana kan talla, domin ribar tallan ce jarin uwarta da ke cikin gida, kuma daga nan ake tara kayan ɗakinta.

Kalandar makaranta ba ta san da wannan ba. Zango na uku yana faɗawa ne a lokacin shuka da noman farko. Sabuwar shekarar karatu tana farawa a Satumba, lokacin da ake girbin gero. Ranar Lahadi ta kasuwar Dambatta ba ta taɓa makaranta, amma kasuwannin da ke ci a tsakiyar mako suna kwashe yaran aji.

Don haka yaron karkarar Kano sau da yawa sunansa na cikin rajista, amma zuwansa na tsinke-tsinke ne. Yana hawa aji bisa shekaru, darasi yana wuce shi. Ya kai aji biyar bai iya haɗa baƙi da wasali ba, malami kuma yana rubuta masa darasin aji biyar a allo da Turanci. Uban da ya ga ɗansa ya shekara biyar a makaranta bai iya karanta saƙon waya ba, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya mayar da shi gona.

Matsalar ba ta Kano ba ce kaɗai. Ƙiyasin Bankin Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta.

Abin da aka gwada a Dawakin Tofa

Misali mafi kusa na yadda ƙungiyoyi suka tunkari wannan matsala a arewacin Kano shi ne shirin KaLMA, wanda aka ƙaddamar a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da ma'aikatar ilimi da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi ne suka gudanar da shi tare da British Council da ƙungiyar TaRL Africa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Ya shafi dubun-dubatar yara 'yan aji huɗu zuwa shida.

Tsarin da aka bi ya samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, kuma masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka shafe shekaru suna gwada ingancinsa.

Hikimarsa ba ta da wuyar ganewa. Malami zai zauna da yaro shi kaɗai ya gwada shi da baki: ya san haruffa? Yana karanta kalma? Yana karanta sakin layi? Yana karanta labari? Daga nan sai a ware wani lokaci a cikin yini a raba yaran rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya tsaya, ba tare da duba ajinsa ba. Ɗan aji shida da bai san harafi ba zai zauna da ɗan aji huɗu da bai sani ba. Wanda ya ci gaba sai a matsar da shi.

A cikin waɗannan rukunoni ba a zama layi-layi ana maimaita abin da malami ya faɗa. Ana yin da'ira a ƙasa. Ana nuna hoto yara su faɗi abin da suka gani su ƙirƙiro labari. Ana wasan haɗa gaɓoɓi su zama kalma. Ana rubutu da alli a daɓen aji. Lissafi kuwa da tsinkaye ake yi: goma su zama ɗauri ɗaya, yaro ya ga da idonsa abin da ake nufi da aro a ɗebewa, domin sai ya kwance ɗauri kafin ya cire. Kuma da Hausa ake farawa, a yi amfani da ita a matsayin tsani zuwa Turanci.

Shirin bai daɗe da shiga aji ba annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020. Sai aka koma darussa ta rediyo da saƙon waya da takardun aiki da ake kai wa yara gida, kafin a dawo aji bayan an buɗe. Rahotannin masu shirin sun nuna ƙaruwar yaran da ke iya karatun Hausa da lissafi cikin 'yan watanni.

Darasin da ya fi muhimmanci a nan shi ne arhar kayan aikin. Tsinke da alli da daɓe da bakin malami, babu wanda sai an yi odarsa daga Legas. Abin da ke cin kuɗi shi ne horar da malamin da kuma bin sawunsa: jami'in da zai hau babur ya je makarantar ƙauye ya zauna ya ga ko ana yi, ya gyara inda aka kuskure. Wannan ɓangaren ne yake fara mutuwa idan tallafi ya ƙare, domin man babur ba ya cikin abin da ake ɗauka hoto.

Wasa da zane ba ado ba ne

Akwai masu ganin cewa a makarantar da rufinta ya yaye, maganar zane-zane da wasan kwaikwayo almubazzaranci ne. Ƙorafin yana da tushe, musamman idan aka dubi yadda wasu ƙungiyoyi ke yi: a zo rana ɗaya da fenti da takardu da riguna masu tambari, yara su yi zane, a ɗauki hoto, a raba biskit, a tafi. Bayan mako biyu fentin ya bushe, takardun sun zama na ƙunshin ƙosai.

Sai dai wannan laifin tsari ne. Ita fasahar kanta tana yin aiki uku da bulala ba ta yi.

Na farko, tana buɗe bakin yaro. Ɗan talaka da ya saba da tsawa a gida da a makaranta ya koyi cewa shiru shi ne kariya. Yaron da ba ya magana kuwa ba a sanin inda ya tsaya. Idan aka ce ya ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko ya kwaikwayi mai awo a kasuwa, ana tambayarsa abin da ya sani ne, kuma a nan zai iya fin ɗan birni.

Na biyu, tana horar da hannu da ido. Yaron da ya taɓa zana layi da da'ira da kusurwa ya riga ya yi rabin aikin rubuta harafi.

Na uku, tana sa yaro ya so dawowa gobe. A inda makaranta ke gasa da gona da talla, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, yankin nan ba baƙon fasaha ba ne. An san Dawakin Tofa da ginin tukwane, an san Minjibir da saƙa. A kusan kowane ƙauye akwai mai ɗinkin hula, akwai tsohuwa mai saƙar faifai, akwai 'yan mata masu gaɗa da dare, akwai yaran da ke ƙera mota da karan dawa ba tare da kowa ya koya musu ba. Tashen watan azumi wasan kwaikwayo ne cikakke, da sutura da waƙa da saƙo, duk da cewa a 'yan shekarun nan 'yan sandan Kano sun sha dakatar da shi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi.

A tsangaya ma haka. Almajiri yana fere alƙalaminsa da kansa, yana dafa tawadarsa. Zayyanar da ake yi wa allon sauka zane ne mai ƙa'ida, na layuka da launuka da daidaito. Alarammomi suna rubuta Alƙur'ani da ka, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya. Rubutun hannun Sharif Bala Gabari na Kano an buga shi ya bazu a makarantun allo a ciki da wajen Najeriya.

Ƙungiyar da ta zo da fentin kanti ta wuce maginiyar tukwane da mai zayyana ba ta gaishe su ba, ta bar malaman da ba sa buƙatar kuɗin mota, waɗanda kuma suna nan bayan shirin ya ƙare. Manhajar firamare ta ƙasa tana da darasin al'adu da fasaha, amma a makarantun karkara da dama a takardar jadawali kawai yake, saboda babu mai koyarwa. Sa'a ɗaya a mako da mai sana'ar gari, a ba shi ɗan abin goro, za ta iya cike wannan gurbi. A cikin saƙar faifai akwai ƙirga da tsari, a cikin zayyana akwai awo.

Almajirai tara da kyamara

Wanda ke son ganin abin da 'ya'yan talakawa za su iya idan aka ba su kayan aiki da amana, ya nemi fim ɗin Duniya Juyi Juyi. An yi shi a Kano a 2011. Almajirai tara ne suka tsara labarin, suka ba da umarni, suka riƙe kyamara, suka fito a ciki, bayan sun samu horo daga masu sana'ar fim. Mai bincike 'yar Jamus, Hannah Hoechner, ita ce ta haɗa aikin da tallafin cibiyar Goethe, kuma daga baya ta wallafa littafi a kan makarantun allo a 2018.

Fim ɗin ya bi wani yaro da mahaifinsa ya kawo birni karatu, da irin wulaƙancin da kyautatawar da ya gamu da su a gidajen da yake yi wa aiki da kan titi. Abin da ya bambanta shi da sauran fina-finan faɗakarwa shi ne masu abin ne suka faɗi labarinsu. Ba su nuna kansu a matsayin abin tausayi ba. Sun nuna masu neman ilimi ne da ke son a mutunta su, sun kuma yi wa iyaye da masu gida da hukuma magana.

Wannan ya shafi karkara kai-tsaye, domin almajirin da ke bara a Sabon Gari ko Fagge daga irin waɗannan ƙauyuka ya fito. Kuma ya nuna ma'aunin da ya kamata a riƙa auna aikin fasaha da shi: a hannun wa kyamarar take? Akwai bambanci tsakanin ƙungiyar da ke ɗaukar hoton yaro cikin tsumma don ta nemi kuɗi da sunansa, da wadda ke miƙa masa abin ɗaukar hoton.

Masu ɗari-ɗari suna da dalili

Duk wanda ya yi aiki a karkarar Kano ya san tambayar farko da ake yi wa baƙo: wa ya aiko ku, kuma me kuke so da 'ya'yanmu?

Wannan tambaya tana da tarihi. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a ta shekaru. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin da ya yaɗu a kansa. A 2016 shirin gwamnatin tarayya na gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa ya rushe bayan malamai sun yi masa ca. A 2023 gwamnatin jiha ta haramta wasu littattafan firamare saboda abin da ke cikinsu.

A irin wannan yanayi, ƙungiyar da ta shigo da kiɗa da rawa da cakuɗa manyan 'yan mata da samari ba tare da ta zauna da dagaci da liman da iyaye mata ba, ta kashe shirinta da hannunta. Akwai iyayen da ba su yarda da zanen mai rai ba, akwai waɗanda ba su yarda 'yarsu ta tsaya gaban maza tana wasa ba. Ba dole ne a yarda da kowane ra'ayi ba, amma dole ne a san da shi, kuma fagen fasaha yana da faɗin da za a iya aiki a cikinsa: rubutun hannu, zayyana, waƙar baka ba kiɗa, kacici-kacici, karin magana, muhawara, saƙa, gini da yumɓu.

Kuma amfani da wasan kwaikwayo wajen ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Aminu Kano tun yana malamin makaranta yake rubuta wasanni yana sa ɗalibai su yi. 'Yan makarantar Islamiyya har gobe suna yin wasan faɗakarwa da waƙe a ranar saukar karatu, iyaye na kallo suna murna.

An taɓa gwada tafiya da malaman tsangaya maimakon zagaye su. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008, ya yi haka a Kano: tsangayu da ke kusa da juna su turo yara wuri guda na 'yan sa'o'i, malami ɗan garin ya koya musu karatu da lissafi, alarammomi kuma a tallafa musu ta fuskar noma. A ɗaya gefen, gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150 a faɗin ƙasa, ta buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012, amma da yawansu sun lalace bayan an miƙa wa jihohi. Ginin ya fi tsada, kuma shi ya fi saurin zama kango, saboda ba a tanadi mai riƙe shi ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ƙasar Bangladesh, wadda ita ma ta Musulmi manoma ce masu cunkoso, ta bi irin wannan hanya. Tun 1985 ƙungiyar BRAC ta fara makarantu masu ɗaki ɗaya da malama ɗaya 'yar ƙauyen, yara kimanin 30, mafi yawansu mata. Iyaye ne ke tsayar da lokacin karatu don kada ya ci karo da aikin gida da gona, kuma waƙa da zane suna cikin darasin yau da kullum. Miliyoyin yara sun bi ta cikinsu.

Sabuwar taƙaddama a kan harshe

Ana cikin haka sai ga wani sauyi daga Abuja. A Nuwamban 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga matakin farko, yana mai danganta faɗuwa jarrabawa a wasu yankuna da koyarwa da harshen gida.

Masana ilimi da dama sun soki matakin, suna cewa manufar ba a ma aiwatar da ita yadda ya kamata ba, domin ba a samar da littattafai da horon malamai ba, don haka ba ita za a ɗora wa laifi ba.

Ga yaron Makoɗa ko Tsanyawa, wanda ba ya jin Turanci a gida ko a kasuwa ko a masallaci, wannan magana ce babba. Duk abin da aka ambata a sama, daga tatsuniya zuwa wasan gaɓoɓi, da Hausa yake aiki. Yaro sau ɗaya yake koyon karatu a rayuwarsa, wato gane cewa alama a takarda tana ɗauke da sauti da ma'ana. Ya fi saurin gane haka da harshen da yake mafarki da shi, daga nan ya ɗauki dabarar ya kai ta Turanci. Hausa kuma tana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: yadda ake furta ta kusan haka ake rubuta ta.

Babu uban da ba ya son ɗansa ya ji Turanci, domin da shi ake cin jarrabawa a samu aiki. Saɓanin a kan hanyar isa can ne. Idan jihar Kano ta bi umarnin Abuja ido rufe, za ta rushe abin da hukumominta da kansu suka gwada a Dawakin Tofa suka ga amfaninsa.

Wa zai gaji aikin?

Zanen aro ba ya rufe katara. Ko da tallafin waje bai ragu ba, babu ƙungiyar da za ta iya ilimantar da yaran ƙananan hukumomi 44. Aikinta shi ne ta gwada hanya, ta nuna tana ɓullewa, ta miƙa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati nauyin karatun shekara tara kyauta, kuma gwamnatin Kano ta riƙa ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafinta a 'yan shekarun nan.

Abin dubawa shi ne inda kuɗin ke sauka. Gyaran aji da sayen benci wajibi ne, kuma ana ganinsu. Amma idan ba a ware wani kaso na horar da malami a kai a kai, da kai jami'in sa-ido ƙauye, da buga ƙananan littattafan labarai na Hausa ba, za a samu yara a kan benci sabo ba su iya karatu ba. Haka ma abinci: shirin ciyarwa na tarayya da aka fara a 2016 an dakatar da shi a Janairun 2024, kuma malaman karkara sun san yadda aji ke cika ranar da tukunya ke kan wuta.

Sai kuma masu hannu da shuni na gida. Kano ba ta rasa masu kyauta ba. Kasuwar hatsi ta Dawanau, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, a cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa take. Ana gina masallatai, ana rabon abinci da azumi, ana biya wa mutane Hajji, kuma duk alheri ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne waƙafin da zai riƙa biyan alawus ɗin malama ɗaya a ƙauye ɗaya shekara da shekaru, ko ya ajiye akwatin littattafai a zauren mai unguwa. Jihar tana da hukumar zakka da hubusi, kusan kowane gari yana da ƙungiyar ci gaba da ta tsofaffin ɗalibai da zauren WhatsApp na 'yan garin da ke aiki a Abuja da Legas. Kuɗin da ake tarawa a bikin naɗin sarauta ɗaya zai riƙe irin wannan aji tsawon shekara.

Lokaci kuma ba ya jira. A ƙarshen 2025 'yan bindiga daga iyakar Katsina sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, yankin da a da ake ganin ya tsira. Inda tsoro ya shiga, ma'aikacin ƙungiya daga birni shi ne farkon mai daina zuwa. Wanda zai rage shi ne malamin da gidansa ke garin.

Saboda haka, duk ƙungiyar da ta zo da shirin karatu da fasaha, akwai tambayoyin da ya kamata dagaci da kwamitin makaranta da iyaye su yi mata tun ranar farko. Yara nawa ne suka iya karatu yau, kuma yaushe za a sake gwadawa a faɗa mana sakamako a bainar jama'a? Wane ɗan garin za a horar? Lokacin karatun ya yi la'akari da damina da ranar kasuwa? Kayan aikin ana samunsu a nan idan sun ƙare? Hoton 'ya'yanmu ina za a kai shi, kuma da izinin wa? Ranar da kuɗinku ya ƙare, wa zai ci gaba, kuma ya san da haka?

Ƙungiyar da ke da amsar waɗannan ta cancanci a shimfiɗa mata tabarma. Wadda ba ta da ita, ko da ta zo da mota goma, biki ta zo yi, kuma washegari yaron zai koma yankan ciyawa yadda ta same shi.